Ku Tambayi Maƙeri: Wuƙar Waje Ko Ta Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Hatsi nake sayarwa a kasuwar Dawanau, kuma ba na rabuwa da 'yar wuƙa a aljihu saboda yankan igiya da farke bakin buhu. Kwanakin baya na sayi wata mai ninkewa, sai walƙiya take, an rubuta sunan Amurka a jikinta. Ba a daɗe ba ta dakushe, yanzu har girgiɗi take yi. Kawuna ya ce in nemi Okapi irin ta dā, abokina kuma ya ce in koma wajen maƙeranmu. Wanne zan bi? (Daga wani mai karatu a Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Da farko ka daina yarda da rubutun jikin wuƙa. Duk mai injin buga tambari zai iya buga sunan ƙasar da ya ga dama, kuma galibin masu walƙiyar nan da ake bazawa a faranti a bakin tasha daga Sin suke fitowa, ko me aka rubuta musu. Ba kushe Sin nake yi ba. Akwai gari guda a lardin Guangdong, Yangjiang, da ya yi suna a duniya kan wuƙa da almakashi, kuma kamfanonin Amurka irin su Spyderco da Buck ma a Sin ake ƙera musu wasu daga cikin wuƙaƙensu. Suna yin mai kyau, suna yin tarkace. Abin da ɗan kasuwa ya biya shi ake loda masa, namu kuwa mafi araha suke ɗaukowa domin ita muke tambaya. Araha ba ta ado.

Abin da ke sa wuƙa ta riƙe kaifi shi ne irin ƙarfenta da yadda aka ba shi wuta. A cikin ƙarfe akwai sinadarin kabon, shi ne ke ba shi tauri idan an gasa an tsoma. Ƙarfen da ake yawan yin wuƙaƙe masu araha da shi, wanda ake kira 3Cr13, kabon ɗinsa wajen kashi 0.3 cikin ɗari ne kawai. Wanda ya fi shi, 8Cr13MoV, yana da wajen 0.8, kuma idan ka ga wannan lambar a jikin wuƙar kamfanin da aka sani, ko daga Sin take, za ta yi maka aiki. Sifirin ɗin mota da maƙeranmu ke sara su ƙera wuƙa da shi yana da wajen 0.6. Ka ga ke nan tsohon sifirin da aka tsinto a wajen 'yan gwangwan ya fi ƙarfen wuƙar da ka saya.

Kawunka ya san abin da yake faɗa. An fara ƙera Okapi a Solingen ta Jamus a 1902, kuma tun asali don kasuwar Afirka aka yi ta. A 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, don haka sabuwar da za ka samu yau ba ta Jamus ba ce, amma har yanzu ƙirar ita ce: mariƙin katako, baƙin ƙarfe mai karɓar washi, da zoben nan na baya da ake ja kafin ta rufe. 'Yan uwanmu na Nijar za su fi sanin na Faransa, wato Douk-Douk da ake yi a garin Thiers tun 1929, da Opinel wadda ta faro tun 1890, mai zoben da ake murɗawa a wuyanta ya kulle ta. Babu ta ƙawa a cikinsu, duk na aiki ne. Sai dai jabunsu sun yi yawa, musamman Okapi.

To, maƙeranmu fa? A gidan ƙira na tashi, kuma zan gaya maka abin da wasu 'yan uwana ba za su ji daɗinsa ba. Wajen ruwan wuƙa, wato bakin da ke yanka, maƙerin da ya san hannunsa ba ya jin tsoron kowace masana'anta mai araha. Wajen gaɓar da wuƙa ke ninkewa kuwa an bar mu a baya. Gaɓar nan tana son rami daidai da ƙusa ba ƙari ba ragi, da ɗan sifirin na baya mai riƙe ta a buɗe, da makulli. Injin masana'anta yana yin dubu iri ɗaya. Mu kuwa da zafi muke huda ramin, mu sa ƙusa mu daddale kanta da guduma. Ranar farko za ka ji ta ɗam. Bayan an sha buɗewa da rufewa sai rami ya faɗaɗa, ta fara girgiɗi, wata rana kana danna ta a kan igiya ta rufe a kan yatsanka. Na ga irin wannan rauni a hannun mutane, ba ƙarami ba ne.

Saboda haka idan lallai mai ninkewa kake so, nemi Okapi ko Opinel ta gaske ka biya kuɗinta. Kafin ka biya, buɗe ta ka kama tsinin da tsumma ka jijjiga hagu da dama. In ta motsa, ajiye musu. Ka danna bayanta da tafin hannu, yatsunka a gefe, ka ga ko makullin zai saki. In kuwa za ka iya da 'yar ƙaramar wuƙa mai kube wadda za ta zauna a shago, je wajen maƙeri, badukun unguwa ya ɗinka maka kube. Za ta fi araha, kuma in ta samu matsala ka san ƙofar wanda ya yi ta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maƙeranmu ba sa sa alama a aikinsu. A Jamus doka ce ta hana a buga sunan Solingen a kan wuƙar da ba a can aka yi ta ba. Mu kuwa gwani da ɗan koyo duk a tabarma ɗaya ake baza kayansu, kuɗi ɗaya, mai saye ba ya iya bambancewa. Ta yaya gwani zai ɓata yini a kan wuƙa guda? Ina roƙon sarakunan maƙera su duba wannan, ko da ɗan tambari ne kowane gida ya riƙa bugawa.

Sannan ka bar ta a wurin sana'a. Da halin da ake ciki na faɗan daba da ƙwacen waya, matashi da wuƙa a aljihu da dare zai sha tambaya a hannun jami'an tsaro, ko da niyyarsa fara ce.

Tambaya: Baba, maigidana ya sayo mini wuƙa a wajen maƙera. Tana da kaifi sosai, amma ta yi baƙi, kuma in ta kwana da ruwa sai tsatsa. In jefar ne? (Daga wata uwargida a Maraɗi)

Amsa: Kada ki jefar, Hajiya. Haka baƙin ƙarfe yake. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield ta Ingila a 1913, sai an zuba masa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, sifirin kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsa. Baƙin da albasa da tumatir suka sa mata ba illa ba ne, yana ma rage mata tsatsa. Jar tsatsar ce za ki goge da toka da ɗanyen tsumma. Kina gama aiki ki wanke, ki tsane ta sarai, ki shafa mata ɗigon man gyaɗa. Kada ki bar ta cikin kwanukan wanke-wanke, kuma da damina kada ta daɗe a cikin kube, domin fata tana riƙe danshi.

Tambaya: Malam, ina so in ba da aikin wuƙar layya. Me zan ce wa maƙerin don kada a ba ni ta banza? (Daga wani magidanci a Gusau)

Amsa: Alhaji, ka je tun kafin watan Zulhajji ya kama. In Sallah ta matso aiki yana yi wa maƙera yawa, a nan ne ake samun wuƙar rodi. Rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an tsoma shi ba ya yin taurin kirki. Ka ce ta sifirin kake so, in da hali ka kai naka, kuma kada ka matse shi a ciniki har ya rasa ribar gawayinsa.

In zai bari, tsaya ka ga tsomawar. Bayan ya gama ƙira ya daidaita ta, zai mayar da ita cikin garwashin ƙirya, yaro yana zuga a hankali, har ta yi ja bai ɗaya daga gindi zuwa tsini. Wanda ya ƙware da ido yake ganewa. Mai koyo yana iya kara mayen ƙarfe: in ya daina kamawa, zafi ya kai wajen digiri 770, saura ƙiris ke nan. Sai a tsoma ta cikin mai, baki a ƙasa, ba tare da jinkiri ba. Ruwa yana yawan tsaga sifirin, wani lokaci har za ka ji ƙas. Daga nan ta yi tauri amma tana iya karyewa, don haka sai a goge ta ta yi fari, a ɗora bayanta a kan wuta marar ƙarfi har launin ruwan zuma ya gangaro bakinta, a ɗauke. In aka bari bakin ya yi shuɗi, taurin ya ragu. Wannan mataki na ƙarshe shi masu gaggawa ke tsallakewa.

Gwajinta ba wuya. Goga magagari a bakin: in ya zame bai ci ba sosai, ta yi, in ya ci ta cikin sauƙi, mayar masa. Ka sa a yi maka biyu, doguwa ta yanka da gajeriya mai lanƙwasar baki ta fiɗa, kuma kada a sari ƙashi da ko ɗaya, wannan aikin gatari ne. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Ka wasa ta a dutse da ruwa tun daren Sallah, nesa da idon ragon, ka gwada ta a kan takarda kafin ka tafi Idi.