Malam, zan iya sa wa kicin ɗin gidana tayil da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni malamin firamare ne a nan Gusau. Uwargida ta matsa mani kan kicin ɗinta, daɓen siminti ne tun da anka gina gidan, yanzu duk ya farfashe ruwa na kwanciya a kusurwa, bangon kuma fenti ne amma hayaƙi da maiƙo sun maida shi baƙi. Na kira mai tayil ya faɗa mani kuɗin aiki wallahi sai da na nemi wurin zama. Na kalli bidiyo da yawa a YouTube na ga kamar abin ba wuya. Kicin ɗin mita 3 ne da mita 2 da rabi. Zan iya ɗora tayil bisa tsohon daɓen da kaina? Kwali nawa zan saya, kuma gaskiya ne sai an jiƙa tayil kafin a sa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara zaman lafiya tsakaninka da uwargida. Za ka iya, amma ba duka ba, kuma abin da ka gani a bidiyo rabin aikin ne kawai. Su masu bidiyon nan ƙasa mai kyau suke samu, lafiyayya sumul, sai ka ga mutum na jera tayil kamar yana jera biskit a faranti. Naka daɓen kai da bakinka ka ce ya farfashe kuma ruwa na kwanciya, to tayil ba ya gyara ƙasa, yadda ya same ta haka zai bi ta, in ta tsage ya tsage, in ta lotsa ruwa ya ci gaba da kwanciya a wannan kusurwar dai, sai dai yanzu bisa tayil mai tsada.

Ka ɗauki guduma ƙarama ko ƙotar fartanya ka bi daɓen nan taki taki kana ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙarfi, dam, yana nan lafiya. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa, fasa shi za a yi. A irin gidajenmu sau da yawa in ka fasa sai ka tarar ba a zuba kankare ba ma, cikon ƙasa ne anka shafa wa siminti kaurin yatsa, wani lokacin har gara ta yi gida a ciki. In haka ka tarar kada ka ji tsoron ɓarnar, kwashe shi duka, a daddage cikon sosai a zuba kankare. Fasawa da kwashe ɓaraguzai aikinka ne kai da yara ranar Asabar, ba sai ka biya kowa ba. Amma sabon daɓen da za a yi, nan ne nake ba ka shawara ka nemo magini na yini guda ka biya shi. Dalili gangara. Kicin na Bahaushiya wurin ruwa ne, wanke-wanke, tsame shinkafa, wanke nama, dole ƙasan ta karkata zuwa magudana ko bakin ƙofa, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ido ba ya ganinta amma ruwa na ganinta. Fitar da wagga gangara hannu take so wanda ya saba, kuma in ta ɓaci babu gyara sai fasawa.

Kwaɓin daɓen buhun siminti guda mai kilo 50 a kwanon sarki 8 na yashi, wato kashi 1 na siminti 4 na yashi, tunda buhu guda kwano biyu ne. Dangote ko BUA duk wanda ka samu sabo wanda bai yi ƙulalai ba ya yi, ni yashin ya fi damuna. Yashin gulbi mai tsabta za ka nema, in mai tifa ko mai amalanke ya kawo ka ɗebi kaɗan ka zuba a gorar ruwa ka girgiza ka aje, in ya kwanta ka ga laka ta yi kauri a samansa to maida masa abinsa. Bayan an yi daɓen a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Mutane na cewa siminti bushewa yake, a'a, ruwa yake sha ya yi ƙarfi, kuma da zafin Gusau na watan Maris da Afrilu ko iskar hunturu, in ka bar shi yini biyu ba ruwa sai ka ga samansa na zuba kamar gari. In kana da haƙurin barinsa sati uku zuwa huɗu kafin tayil ya hau ya fi.

Lissafin kwali kuma mai sauƙi ne, kai da kake koyar da shi. 3 sau 2 da rabi ya ba ka sikwaya mita 7 da rabi. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka ce 8 da kwata. Tayil mai 40 da 40 guda 52 kenan, in kwalin mai guda 12 ne sai ka ɗauki kwali 5, ragowar a yanka a yi sikatin na gindin bango da shi. Ka dai karanta jikin kwalin don ba duk kamfani ke zuba adadi ɗaya ba. Kada ka ɗauki mai 60 da 60 duk da shi ake yayi, a ƙaramin ɗaki mai gangara wahala zai ba ka, gefe guda ya zauna gefe guda ya ɗaga. Kuma don Allah kada ka sayi mai ƙyalli na ƙasa ko da uwargida ta nuna shi da yatsa a shago, man gyaɗa ɗigo ɗaya da ruwa sun isa su kai mutum wurin mai ɗori. Mai ɗan kaushi za ka nema, ka shafa tafin hannunka ka ji yana riƙewa. Kwalayen duka su zama masu lamba ɗaya, don launi kan ɗan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan, a shago ba ka gani sai an jera a ƙasa.

Maganar jiƙawa, gaskiya ce kuma ba gaskiya ba ce, ya danganta da tayil ɗin da abin da za ka manna shi da shi. Juya bayansa ka ɗiga ruwa. In ya shanye nan take, irin mai jan baya ɗin nan ko na bango, to mai ƙishi ne, in za ka sa shi da kwaɓin siminti sai ka tsoma shi a baho kamar rabin awa ka fitar ya tsane, in ba haka ba zai zuƙe ruwan simintin ya bar shi ba ƙarfi. In ruwan ya tsaya a bayansa bai shiga ba, fosilin ne, jiƙa shi ɓata lokaci ne kuma siminti zalla ba ya kama shi da kyau, gam ɗin tayil yake so, wanda ake saidawa a buhu. Kai da kake sabon hannu gam ɗin nan zan ce ka saya ko wane iri ka ɗauka, da shi ba a jiƙa tayil, ka kwaɓa kaɗan kaɗan wanda za ka gama da shi cikin ɗan lokaci, ka shimfiɗa da cokali mai haƙora, in ka ga samansa ya fara yin fata kankare shi ka sa sabo.

Abu biyu ne ke kashe tayil a garuruwanmu, kuma duka biyun na taɓa yin su da hannuna lokacin ina yaron aiki. Na farko ɗiga siminti tsibi biyar a bayan tayil, kusurwa huɗu da tsakiya, a danna. Yana sauri, yana rage siminti, amma ƙarƙashin rami ne, ranar da tukunya ta faɗi a wurin shi kenan. Bayan tayil duka ya kamata ya samu gam. Na biyu matse su ba rata. Wani gida a Talata Mafara munka sa wa falo tayil cikin sanyi, mai gidan ya ce ba ya son ganin layi, munka haɗe su kam har jikin bango. Da bazara ta yi, tsakar rana sai anka ji tau tau tau, mutanen gidan sunka watse har da masu tsallake katanga, ka san halin da ake ciki kowa da abin da ya zo masa a rai. Ashe tayil ne ya ji zafi ya buɗe bai samu wurin zuwa ba, ya tashi a tsakiyar ɗaki kamar tanti. Ka sayi sifesa, 'yan robobin nan masu kamar alamar tarawa, mai milimita 2 ko 3, kuma ka bar ratar da ta kai kaurin fensir tsakanin tayil da bango ko'ina, sikatin zai rufe ta.

Kafin ka kwaɓa komai ka jera su a bushe ka gani. Ɗakunanmu da wuya ka samu mai kusurwa daidai, don haka kada ka bi bango, igiya biyu za ka ja su haɗu a kusurwa. Daga inda sunka haɗu ka auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba ka 100 cif to kusurwarka ta tsaya. Cikakkun tayil su kasance a bakin ƙofa inda ido ke fara sauka, yankakku su ɓuya a ƙarƙashin kanta. Ka fara daga can ciki kana ja da baya zuwa ƙofa, kada ka rufe kanka. Yanka kuma in da giranda ne a waje za ka yi, da tabarau da takunkumi, ƙurar nan ba ta da kyau ga huhu ko kaɗan. A bar shi kwana guda ba a taka ba sannan a cike layukan, ka goge da soso mai laima tun bai bushe ba.

Bangon ma da kanka za ka iya, ni da shi ma zan so ka fara don hannunka ya faɗa. Sai dai gam ba ya kama fenti, balle fentin da ya sha maiƙo da kunkunniya, dole ka kankare ka sassare shi har filasta ta fito, ka wanke da omo. In bangon na jar ƙasa ne anka yi wa shafen siminti to bar maganar tayil a jikinsa, nauyin zai ɓamɓaro shafen, fentin mai ya ishe shi. In na bulo ne, ba sai ka kai rufi ba, mita 1 da rabi ya wadatar, a kicin ɗinka in an cire ƙofa kusan guda 165 na mai 25 da 40 har da na asara. In aljihu bai kai ba yi bayan wurin girki da wurin wanke-wanke kawai. Ka kafa katako miƙaƙƙe ka fara da layi na biyu a kansa, layin ƙasa shi ne na ƙarshe, bayan an gama tayil ɗin ƙasa.

Sai saƙona ga uwargida, ka gaishe ta ka ce turmi ba ya shiga kicin mai tayil, ko na dakan jajjage ne a fitar da shi tsakar gida. Kurfoti ma kada ya zauna bisa tayil kai tsaye, a sa masa bulo ko faffaɗan dutse. Tayil guda biyar ko shida in sun rage ka tura su ƙarƙashin gado, in ɗaya ya fashe baɗi ka koma kasuwa da wuya ka sake samun irinsa.