Na zuba wa babur ɗina baƙin man mota, yanzu sai kuka ba gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babur ɗina 125 ne, ni nake juye masa baƙin mai a gida. Wannan karon ragowar man motar yayana na zuba, mai lambar kauri 5W-30. Tun ranar, in na murɗa totur a hawa sai injin ya yi ta ƙara, gudu bai ƙaru ba. Wani bakanike ya ce man ya yi ruwa, in haɗa masa da man giya ya yi kauri. Hankalina a tashe yake, na kashe injin ke nan? Sannan iska nawa zan ba taya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, alamun da ka faɗa na zamewar kuloci ne. A babur irin naka, injin da giya da kuloci cikin mai ɗaya suke wanka. Yawancin man mota mai 5W-30 an sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, faifan kuloci kuwa aikinsu riƙo ne. Ka juye shi yau, ka zuba wanda ke da tambarin JASO MA ko MA2 a jikin gora. Ma'auni ne da Japan ta fito da shi a 1998 saboda wannan matsalar. Mai tambarin JASO MB na sikuta ne, ka bar shi. Ka kuma duba wasan hannun kuloci, kamar milimita 10 zuwa 20. In ka juye sau biyu bai daina ba, faifan sun ƙone, sai canji.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai: shawarar bakaniken nan. Kusan kullum sai an kawo min injin da "ƙara kauri" ya illata. Mutum zai ɗiba mai a yatsa biyu, ya murza, ya ce wannan ruwa ne, wancan shi ne mai jiki. Yatsa ya zama ɗakin gwaji! Man giya ba a yi shi don zafin fistin ba, ba shi da sinadarin da ke kwashe baƙin hayaƙi ya riƙe shi har ranar juyi, ga sinadarin sulfa da aka sa masa don haƙoran giya kawai. Wasu ma har da wani abu mai danƙo kamar zuma suke tsiyayawa. To da safe in ka ta da injin, ta wane lungu wannan danƙon zai bi ya hau kan injin da wuri? Hanyoyin man sirara ne, famfon ƙarami ne, kuma a daƙiƙun farkon nan ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙarar injin tana raguwa, hayaƙi ya lafa, sai a ce an warke. An toshe wa majinyaci baki ne. Ringin fistin da ya cinye, ya cinye, wata biyu a dawo ana neman a buɗe injin gaba ɗaya, kuma wanda ya ba da shawarar shi zai karɓi aikin. Kaurin da littafin babur ɗinka ya rubuta, ko 10W-30, ko 10W-40, ko 20W-50, shi za ka bi. Kada kuma ka cika ya wuce layin sama na sandar awo, injin irin naka lita ɗaya ma da kyar yake ɗauka.

Batun taya: lambar da ke gefen tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita za ka bi ba. Duba takardar da ke manne kusa da sarƙa. A yawancin 125, a ma'aunin iska na psi, gaba kusan 25 ne, baya 29, da goyo 33. Da geji ake aunawa, ba da harbi da ƙafa ba, da safe kafin ka hau. In ka dawo daga tafiya ka ga awon ya ƙaru, zafi ne, kada ka sace iskar, in ta huce za ta koma daidai.