Gidan fatake na kakanni: a yi masa siminti ko a bar shi?

Tambaya: Mun gaji wani tsohon gida a Tawa, inda kakanmu yake saukar da fatake. Bango yana zaizayewa, soro ɗaya yana yoyo. Ƴan uwa sun ce a shafe shi da siminti, a kuma rage ƙofar. Mene ne shawararku?

Amsa: Malam, kada ku taɓa ƙofar nan. An yi ta da faɗi ne don jaki ya shige da mangala ba a sauke masa ba, kuma ita da zaure da filin ɗaure dabbobi su ke nuna cewa masauki ne, wanda ayarin gishiri da kanwa da goro suka kwana a ciki. Ko a Ingila ana kiyaye abin da ya rage na irin wannan masauki. George Inn da ke Landan, masaukin kekunan doki da aka sake ginawa a 1677 bayan gobara, kamfanin jirgin ƙasa ya rushe yawancinsa. Ɓangaren da ya tsira ake kiyayewa, yana hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust tun 1937.

Siminti kuwa ba abokin jar ƙasa ba ne. Ƙasa tana shan laima ta fitar, shi kuma sai ya tsare ta a ciki. Da ya tsage, ruwa ya shige ta baya, tubali ya jiƙe ba mai gani, wata rana ɓawon ya faɗo da naman bangon. Ku ƙwanƙwasa duk inda aka taɓa shafawa. In kun ji yana amo kamar ganga, ya riga ya rabu.

Ku fara daga sama, kafin damina. A share rufin, a duba indararo: in ya toshe ko ya gajarce, ruwa bin bango zai yi. A soki kan kowace azara da wuƙa, musamman inda ta shiga bango, don nan gara da ruɓewa ke farawa. Wadda ta yi taushi a canja ta da giginya, kuma kada a shimfiɗa azara fiye da mita 2 ba tokara.

Sannan gindin bango. Inda ya kwakware, a cike da tubali da ƙasa irin ta ginin, kaɗan-kaɗan, a bar kowane sawu ya bushe, a kuma yi wa ƙasan wajen gangara. Ƙasar yaɓe a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa kwanaki, a yayyafa wa bango ruwa kafin a shafa. In ana samun makuba, ta ɓawon ɗorawa, a bi da ita.

Batun hukuma: Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. Ku ɗauki hoton kowane ɗaki, ku rubuta abin da tsofaffin unguwa suka tuna, ku kai wa ofishin al'adu na jiha kafin magini ya ɗaga fartanya.