Auta, ga amsarka kan Turawan nan masu farautar fatalwa

Auta na ga bidiyon da ka turo tun shekaranjiya, wannan da wasu Turawa ke zaune a ɗaki mai duhu suna ta faman "akwai kowa a nan tare da mu?", kuma na ji tambayarka wai shin bori suke yi ko kuwa rukiyya ce irin tasu. Nayi dariya har sai da matata ta leƙo, don abin da baka sani ba ni da hannuna nake buɗe wa irin mutanen nan ƙofa. Wlh ba wasa nake ba. Tsohuwar masaƙar da nake gadi a nan Yorkshire ta Ingila, wadda aka daina saƙa a cikinta tun kafin a yaye ka, lokaci-lokaci ana ba su hayarta na dare guda, su shiga wajen tara na dare su fito biyu ko uku, ni kuma ina zaune da makullai da fitila ina jiran su gama in rufe.

Ba bori bane kuma ba rukiyya bace. Mai rukiyya korar abin yake, su kuwa roƙonsa suke ya fito. Ɗan bori ko banza yasan wanda yake kira, kowane iska da sunansa da taken da ake kaɗa masa, su waɗannan lalube ne kawai a duhu. Sannan babban abin da nake so ka gane, ba aljani suke nema ba. Yawancinsu in kace musu aljani tunaninsu zai tafi kan wanda ke fitowa daga fitila a tatsuniya. Fatalwa suke nema, wato wai ruhin mutumin da ya mutu amma ya maƙale a inda ya rayu. A masaƙar tamu yaran da suka yi aiki a irin waɗannan masaƙu a ƙarni na 19 suke kira, don da gaske ne an sa ƙananan yara aiki a ƙarƙashin injina a ƙasar nan, wasu sun rasa yatsu wasu sun rasa rai.

Kar ka ɗauka wasu tababɓu ne. Mutane ne da zaka gamu dasu a layin banki, akwai nas, akwai direban bas, akwai malamar firamare, kuma a waɗanda nake gani mata sun fi yawa. Mutum ashirin zuwa talatin, kowa ya biya fam arba'in ko hamsin, su zo cikin manyan rigunan sanyi da flas ɗin shayi da biskit kamar masu tafiya kallon ƙwallo. Masu shirya abin suna sanye da baƙaƙen riguna masu tambarin ƙungiyarsu, sai kowa ya sa hannu a takarda cewa in ya faɗi a matakala shi ya jiyo. Daga nan a kashe wuta, a yi da'ira a riƙe hannun juna, shugabar tace kowa ya rufe ido ya ƙiyasta wani farin haske ya lulluɓe shi, wai kariya kenan. Ni dai a bakin ƙofa Ayatul Kursiyyu nake ja. Sai ta fara kira cikin ladabi kamar mai sallama a gidan surukai, "ba mu zo cutar da kai ba, in kana ji ka ƙwanƙwasa sau biyu." Sai kowa yayi tsit. Gini ne mai shekara fiye da ɗari da hamsin, katako da ƙarfe, in sanyin dare ya sauka dole wani wuri yace ƙas. Yana cewa ƙas sai kaji "na gode, na gode, ko zaka sake?"

Kayan aikinsu ne suka fi bani sha'awa. Akwai wata 'yar na'ura kamar rimot da suke kira K2, tana da fitilu biyar daga kore zuwa ja, asalinta ta auna maganaɗisun da ke fita daga wayoyin lantarki ce, su kuma suka ce ai fatalwa ma tana motsa ta. Wata rana suna sama a ɗakin da aka ce an fi jin motsi, ni ina tsaye a matakala, abokin aikina na bakin get ya kira ni a oba-oba, na danna zan amsa kenan sai fitilun nan suka haura har ja. Wata mata ta kurma ihu, wani yana cewa a ɗauki bidiyo. Na sake dannawa, suka sake haurawa. Nayi ta tunanin in yi shiru in bar su da murnarsu tunda kuɗinsu suka biya, amma dai zuciyata bata bani ba, na ja shugabar gefe na nuna mata. Gaskiya ta burge ni, ta juya ta gaya wa kowa cewa wannan rediyon maigadi ne a goge shi daga lissafi, amma kaga fuskokin mutane kamar na kashe musu janareta ana tsakiyar wasan ƙarshe. Tun ranar ta roƙe ni in riƙa kashe ta in zan hau sama.

Akwai kuma wata rediyo da aka lalata da gangan, ba ta tsayawa a tasha ɗaya sai dai tayi ta tsalle shuu-shuu-shuu, wai matattu na tsintar kalmomi a ciki suna magana. Ka tuna yadda Baba ke murɗa rediyonsa yana neman BBC a gajeren zango, ka ji rabin kalmar Larabci rabin ta Faransanci? To shi kenan. In wani yace "na ji an ce fita", nan take kowa ya ji "fita". In da wani ya riga shi yace "Peter" ya ji, da duk Peter za su ji. Wasu na ajiye rakoda su yi tambaya su bar gibi, in sun koma gida su yi ta saurare da abin kunne har kwana uku. Suna da 'yan ƙwallayen wasan kyanwa masu walƙiya in an taɓa su, suna jera su a ƙasa. Sai kuma tambulan da ake kifawa a tebur kowa ya ɗora yatsa, da allon nan Ouija mai haruffa. In aka fito da allon ni sauka nake ƙasa in kunna butar shayi. Na san masana sun ce hannun mutanen ne ke tura shi ba tare da sun sani ba, na yarda, amma ba sai da ni a wurin ba.

Abin ba yau ya fara ba. A Amurka ya tashi a 1848, wasu 'yan mata 'yan gidan Fox a wani ƙauye Hydesville na jihar New York suka ce ruhi na ƙwanƙwasa musu amsa, abu ya zama kamar addini ya tsallako teku. Bayan shekara arba'in, a 1888, ɗayarsu Margaret ta fito gaban jama'a tace da gaɓar yatsan ƙafa suke yin ƙarar, amma ina, jirgi ya riga ya tashi. A Landan an kafa ƙungiyar masu binciken fatalwa ta Ghost Club a 1862, sannan a 1882 malaman jami'a irin su Henry Sidgwick na Kambirij suka kafa Society for Psychical Research don a binciki abin da idon ilimi, kuma har yau tana nan. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara masa mai, samari dubbai sun mutu a Faransa ba a dawo da gawarsu ba, iyaye suka riƙa bin masu cewa suna magana da matattu. Wanda ya fara yin abin da kaya da ma'aikata kamar yadda ake yi yanzu shi ne Harry Price, da ya kama hayar gidan limamin coci na Borley a yankin Essex a 1937, ya sa talla a jarida ya ɗebi mutum 48 suna kwana a ciki suna rubuta abin da suka ji. Gidan ya ƙone a 1939, kuma bayan mutuwar Price 'yan waccan ƙungiya ta 1882 suka bi aikinsa suka fitar da rahoto a 1956 da ya yi masa fata-fata. Amma cincirindon da kake gani yanzu talabijin ce ta kawo shi, tun da aka fara shirin Most Haunted a 2002, sai YouTube da TikTok suka ƙarasa. Har doka ta taɓa shiga ciki, a 1944 an ɗaure wata mata mai cewa tana magana da matattu, Helen Duncan, wata tara da dokar maita ta 1735. Yanzu kuwa sai dai su rubuta "don nishaɗi ne kawai" a ƙasan talla su karɓi kuɗinsu. Nan kusa damu a garin Pontefract akwai wani ƙaramin gida, 30 East Drive, gida ne irin na talakawa ba wani fada ba, mutane na biya su kwana a ciki saboda labarin fatalwar wani ɗan zuhudun coci mai baƙar riga. Birnin York kuwa kusan kowane dare akwai mai baƙar hula yana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido lungu-lungu yana ba su labarin fatalwa.

Su kansu ba bakinsu ɗaya ba fa. Akwai masu bin abin don tsoro da ihu, akwai masu natsuwa da ke fara duba bututun ruwa da tagogi kafin su ce komai, kuma ba sa ga maciji da juna. Labarin da na fi so shi ne na wani injiniya Vic Tandy, yana aiki a wani ɗakin gwaji da ma'aikata ke cewa akwai abu, shi ma wani dare gumi ya karyo masa ya ga wata inuwa toka-toka a gefen ido. Washegari ya ɗaure takobin wasansa a kan benci zai gyara sai ya ga tana karkarwa ita kaɗai. Da ya bi diddigi ashe sabuwar fankar fitar da iska ce ke yin wata ƙara ƙasa-ƙasa, wajen bugu 19 a daƙiƙa, wadda kunne ba ya ji amma jiki na ji. Aka gyara fanka abu ya ɗauke, ya rubuta bayanin a 1998. Akwai kuma hayaƙin nan mara wari da ke fita daga hita ko tukunyar gas, irin wanda janareta ke kashe mutane dashi a gida in an kwana dashi a ɗaki, kafin ya kashe yana sa ciwon kai da gane-gane. Dannau ma suna dashi, likitocinsu na cewa ƙwaƙwalwa ce ta farka jiki bai farka ba.

To ka tambaye ni me yasa mutum da hankalinsa zai biya kuɗi ya nemi abin da mu in mun ji labarinsa a gindin tsamiya muke canza hanya. Na daɗe ina juya wannan. Wasu nishaɗi ne kawai, kamar yadda kuke zuwa kallon dambe. Wasu tarihi suke so, don ba yadda za a yi a bar ka ka shiga tsohon kurkuku ko masaƙa da tsakar dare in ba ta wannan hanyar ba. Amma wasu Auta, makoki ne bai ƙare musu ba. A ƙidayar 2021 kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce ba su da addini. Mutum ya mutu gawarsa ta yi sati biyu ko uku a firij, mafi yawa ƙonawa ake a miƙo maka toka a gwangwani, a sha shayi na awa biyu kowa ya watse, Litinin ka koma aiki. Ba shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ba sadakar uku ba ta bakwai, ba mai shigowa yace maka ya haƙuri. Akwai wata dattijuwa da na gani sau huɗu, ba ta ihu ba ta ɗaukar bidiyo, zama kawai take a kusurwa. Wani dare ta sauko shan iska muka tsaya a bakin ƙofa, tace min ɗanta ne ya rasu a hatsarin babur, ta san ba a masaƙar nan yake ba, amma in aka ƙwanƙwasa ko sau ɗaya ne to ta san akwai wani wuri da yake. Ta tambaye ni mu me muke cewa. Na gaya mata mu a wurinmu wanda ya tafi ba ya dawowa, akwai shamaki tsakaninmu dasu har ranar tashi, barzahu, kamar yadda ya zo a Suratul Mu'minun, amma suna nan ba su ɓace ba, kuma addu'armu na isa gare su. Tayi shiru tace wannan ya fi sauƙi. Ta koma sama dai.

Mu Hausawan nan ba ruwanmu da shiga, ban taɓa ganin ɗanmu ko ɗaya a layinsu ba. Da na fara aikin na je na tambayi malaminmu na masallaci, yace gini kake gadi ba su kake taya ba, kar ka sa hannu kar ka zauna a da'irarsu, ya kuma tuna min ayar Suratul Jinn kan mazajen da ke neman tsari da aljanu sai suka ƙara musu wahala, yace in ma akwai abin da ke amsa musu to ba mamaci bane. Inda muke shan fama da yara ne. Ƙarshen Oktoba in Halloween ta zo duk unguwa ƙwarangwal ne da kabewa, 'yar auta ta dawo daga makaranta tana tambaya ko kakanta ma fatalwa ne yanzu, sai da muka zaunar da ita ni da uwarta. Babban kuwa cewa yayi in tafi dashi wurin aiki ya ga K2 ɗin da idonsa, nace ya bari sai ranar da ya fara biyan kuɗin wuta.

Ka kuma tambaya ko ni na taɓa ganin wani abu. Shekara shida ina zagaya ginin nan ni kaɗai, na ga ɓeraye, na ga tantabaru, na ga dila sau biyu, sau ɗaya kuma na tarar da wani mashayi yana barci a bayan tukunyar dumama gini, wannan kam ya kusa tsayar min da zuciya. Akwai dai wata ƙofa a hawa na uku da nake rufewa da hannuna wani lokaci in dawo in same ta a buɗe, na kai rahoto, kafinta ya zo yace marikin ne ya saki ya canza, ta yi wata biyu lafiya ta koma halinta. Bismillah nake yi in sake rufewa in wuce. Asabar mai zuwa ma suna da dare, in Allah ya kai mu zan ɗauko maka hoton kayan nasu kafin su kashe wuta. Ka gaida Inna, kuma dan Allah kar ka nuna mata bidiyon nan, kasan cewa zata yi in bar aikin in dawo gida.