Yayana ya turo kuɗi daga Jidda, kwana tara shiru, wai CBN ce ta riƙe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min da shawara, wallahi hankalina a tashe yake. Yayana da ke aiki a Jidda ne ya turo dala 1,800 daga bankinsa zuwa dom akawun ɗina, wato akawun ɗin dala, kuɗin aikin ido ne da za a yi wa mahaifiyarmu. Ranar Alhamis da yamma ya tura, yau Asabar kwana tara kenan ko alat ban gani ba, na je banki sau biyu suna ce min ba su ga komai ba in ƙara haƙuri. To sai wata maƙwabciyata ta haɗa ni da wani mutum a WhatsApp wai yana da hanya a Abuja, na tura masa hoton rasit ɗin, ya ce Babban Bankin Najeriya, wato CBN, shi ne ya riƙe kuɗin saboda ba a biya kuɗin kiliyarans ba, in turo naira dubu 120 kafin awa 24 zai sa a sake su, in ba haka ba gwamnati za ta cinye. Har takarda ya turo min mai tambari. In biya ne ko yaya zan yi? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ki biya. Ko naira ɗari kada ki tura masa, kuma kada ki tsaya jayayya da shi, ki ajiye hirarku da takardar da ya turo sannan ki toshe lambar.

Kuɗin yayanki kuwa in sha Allahu suna nan, kuma bari in fara rage miki lissafin kwanakin, don kwana taran nan naki a wajen banki kwana biyar ne. Ya tura Alhamis da yamma, Saudiyya hutunsu Juma'a da Asabar ne, da wuya saƙon ya bar bankinsa kafin Lahadi. Ranar Lahadi su sun buɗe amma New York a rufe take, mu ma a rufe muke, kuma dala in dai dala ce yawanci sai ta bi ta wani banki a Amurka kafin ta iso, don bankinki da bankin yayanki ba lallai suna da asusu a wajen juna ba. Kenan Litinin aka fara tafiya. Taransifa irin wannan yawanci kwana ɗaya zuwa biyar na aiki take ɗauka, taki tana bakin iyaka, ta isa a fara bibiya amma ba ta kai ta tashin hankali ba.

Abin da na fi zargi guda uku ne. Ko dai suna bai yi daidai ba, yayanki ya rubuta sunan da ake kiranki da shi a gida ko na miji alhali akawun ɗin da sunan mahaifi aka buɗe. Ko bai sa bayanan bankin tsakiya ba, wato bankin da bankinki ke karɓar dala ta hannunsa, ya sa lambar SWIFT, wato lambar da bankunan waje ke gane bankinki da ita, da lambar akawun kawai. Ko kuma na'urar tantance sunaye ta bankin tsakiyan ta tsayar da saƙon, wannan kuwa mu masu sunaye irin su Muhammad da Abubakar da Usman mun sha shi, sunanka ya yi kama da na wani da ke cikin jerin waɗanda Amurka ta sa wa takunkumi sai a ajiye saƙon gefe har mutum ya duba da idonsa, wani lokacin su aiko tambaya suna neman ranar haihuwa ko dalilin turo kuɗin, tambayar ta zauna a tebur ɗin wani a bankin mai turawa ba wanda ya amsa. Duk cikin ukun nan babu wanda ake warwarewa da kuɗi, da bayani ake warware su.

Yanzu ga maganar da ta sa na zaɓi tambayarki cikin waɗanda aka turo, don wallahi na gaji da ita. Mutanenmu sun ɗauka kuɗin waje kamar kaya ne a kwantena, sun iso tashar jirgin ruwa kwastan sun riƙe, sai an nemo mai hanya an ba shi na goro ya fito da su. Shekarun da na yi a sashen kuɗin waje na banki babu satin da wani bai zo min da wannan tunanin ba, kuma ba jahilai ba, har da malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa. Babu wani ɗaki a Abuja da ake tara dalolin mutane ana jiran kiliyarans. SWIFT ɗin ma da ake ta kira ba ya ɗaukar kuɗi, saƙo kawai yake kaiwa, ƙungiya ce ta bankuna da aka kafa a Beljiyam tun 1973, aikinta ta isar da umarni daga wannan banki zuwa wancan cewa a cire nan a zuba can. Kuɗin suna cikin littafin wani banki ne a kowane lokaci, ko na mai turawa, ko na tsakiya, ko naki. Wanda ba ma'aikacin ɗaya daga cikin ukun nan ba, ba shi da maɓallin da zai danna, ko da kuwa a cikin ginin CBN yake kwana.

Kuma ki yi tunani da kanki. Bankin da ke riƙe da dala 1,800 ɗinki, in yana bin ki caji, me zai sa ya ce ki je ki nemo naira ki tura wa wani mutum a akawun ɗinsa na kansa? Ai a jikin kuɗin zai yanka. Haka ake yi kullum, shi ya sa za ki ga an turo 1,800 sun iso 1,775 ko ƙasa da haka, bankin tsakiya ya ɗebi nasa a hanya bai tambayi kowa ba. A takardar taransifa akwai gurbin da ake rubuta wanda zai ɗauki caji, OUR in mai turawa ne zai biya duka, SHA in an raba, BEN in a jikin mai karɓa za a cire. Uku ne kawai. Babu na huɗu da ake ce masa ki tura wa wani a WhatsApp.

CBN kuma ba ta hulɗa da ɗaiɗaikun mutane a kan taransifa, ba ta buɗe wa ni da ke akawun, ba ta kiran waya, ba ta ba da awa 24. Eh, akwai dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 da ta ce duk kuɗin da ya shiga ko ya fita ƙasar nan sama da dala 10,000 sai an kai rahotonsa, to amma banki ne ke kai rahoton ba kwastoma ba, kyauta ne, kuma naki ko kusa da wannan adadin bai kai ba. In ma hukuma ce ta sa aka riƙe akawun saboda bincike, bankinki ne zai gaya miki, kuma ba da cin hanci ake buɗewa ba.

Akwai wani dattijo da har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Ɗan kasuwar yadi ne, ya shigo ofishinmu da wata takarda a cikin leda ya lulluɓe ta kamar takardar gida, wai abokin cinikinsa a Dubai ya turo masa kuɗi masu yawa sun maƙale. Na karɓa na duba, an buga MT103, wato sunan takardar taransifa ta SWIFT, da manyan baƙaƙe a sama, ga tambari mai ruwan zinare, ga hoton mikiya, ga sa hannu har uku, a ƙasa kuma adireshin imel na Gmail. Takardar SWIFT ta gaskiya ba ta da ado ko kaɗan, lambobi ne da layuka busassu kamar rasit ɗin kantin magani. Na ce Baba nawa ka biya? Ya sunkuyar da kai. Sau uku ya biya, na farko kiliyarans, na biyu wai takardar shaidar cewa ba kuɗin ta'addanci ba ne, na uku wai haraji, kuma ya zo wajena ne ba don yana shakka ba, so yake in taimaka masa ya tura na huɗu da sauri kafin wa'adi ya cika. Na yi minti arba'in ina masa bayani, da zai tafi ya ce min yaro kai dai ba ka san manya ba ne. Ka ji fa. Abin da ke kashe mutane kenan, in ka biya na farko to ka shiga, don zuciya ba ta yarda ta ce an cuce ta, gara ta ƙara biya. Shi ma naki dubu 120 ɗin nan somin taɓi ne, da kin tura gobe zai ce an samu matsala a ofishi na gaba.

Bambancinki da dattijon nan, shi babu kuɗin tun asali, ke kuwa naki na gaske ne, kuma wannan ya fi haɗari ta wata fuskar. Kuɗinki za su iya shigowa Litinin ko Talata da kansu. Da kin biya shi yau sai su shigo, ke ki ce aikinsa ne, maƙwabciyarki ta ƙara samun labarin da za ta ba wata, haka ake yi wa ɓarawo talla kyauta a unguwa. Ba na zargin maƙwabciyar taki, mai yiwuwa ita ma haka aka yi mata ta ɗauka taimako ne.

Su ma bankunan namu ba zan wanke su ba, don su suke tura mutane hannun waɗannan. Mace ta zo hankali tashe da maganar asibiti, yaron da ke kanta ya buɗe akawun ya ga babu komai ya ce Hajiya ba su shigo ba a ƙara haƙuri, shi kenan. Wannan ai ita ma ta gani a wayarta kafin ta hau keke napep ta zo. Shi ba ya ganin saƙonnin da ke shigowa daga waje, wani sashe ne daban, kuma ba zai tashi ya tambaya ba sai an matsa.

To ga abin yi. Gobe Lahadi bankunan Saudiyya a buɗe suke, yayanki ya je reshensu ya nemi kwafin MT103 na taransifar, rasit ɗin da manhaja ke bayarwa a waya bai wadatar ba. An sauya tsarin saƙonnin yanzu amma sunan ya bi baki, in ya faɗa za su gane. A ciki akwai wata doguwar lamba mai haruffa da lambobi 36 da ake kira UETR, da ita kowane banki da ke kan hanyar zai ga inda kuɗin suka tsaya, kuma ya ce su bi masa sawu tun daga can, ya tambaye su ko akwai tambayar da aka aiko ba a amsa ba. Shi ne kwastomansu, shi ke da ikon sa a gyara suna ko a dawo da kuɗin, ke daga nan ba ki da wannan ikon. In ya turo miki ki duba gurbin mai karɓa, wanda a tsohon tsari shi ne layi na 59, sunanki da lambar akawun ɗinki mai lamba goma, harafi da harafi, ki tabbatar ta dom ce ba ta naira ba, don wannan kuskuren ma ana yi sosai. Kar a tsaya neman IBAN, wato lambar akawun ta ƙasa da ƙasa, su Saudiyya suna da shi mu Najeriya ba ma amfani da shi.

Litinin da safe ki je bankinki da takardar a buge, ki wuce kanta ki nemi mai kula da kwastoma, ki ce a tura wa sashen kuɗin waje, a rubuta ƙorafinki a ba ki lambar shaida. In sati biyu ya wuce ba su warware ba, nan ne CBN ke da amfani a gare ki, tana da sashen kare haƙƙin kwastomomi da ake kai ƙarar banki, kuma ba a biyan ko sisi.

Sai abu ɗaya da ya dame ni, kin riga kin tura wa mutumin nan hoton rasit, yanzu yana da cikakken sunanki da lambar akawun da sunan yayanki da adadin kuɗin. Da waɗannan kaɗai ba zai iya cire komai ba, amma ki sa ran kira daga wani mai murya mai daɗi da zai ce daga banki yake, ya karanto miki duk bayanan nan don ki yarda, sannan ya nemi lambar da aka turo miki ta tes ko BVN ko lambar sirrin kati. Ki kashe wayar. Ki kuma gaya wa yayanki yau ɗin nan, don suna iya binsa ta can da sunanki su ce an canja akawun.

Nan gaba in kuɗin gaggawa ne kuma da naira za a kashe, ya bi ta kamfanonin turo kuɗi masu lasisin CBN, tun Janairun 2024 da naira suke biya kai tsaye cikin akawun, kuma yawanci a ranar suke shiga. Taransifa ta banki zuwa dom ta fi dacewa da wanda yake so ya riƙe dalarsa kuma ba ya sauri. Maganar asibiti kuma, in ranar aikin ta matso ki kai musu kwafin takardar ki roƙi a ɗaga muku kwana biyu uku, ko 'yan uwa su haɗa abin da za a fara ajiyewa. In kin samu UETR ɗin da abin da bankin yayanki suka ce, ki sake rubuto min in duba miki a wane banki suka tsaya.