Wane kwas zan saya wa ma'aikatana su iya manhajar ofis?

Wata 'yar kasuwa mai sari ta aiko mini da tambaya. Ma'aikatanta tara ne, ciki har da akawu biyu, da mai kula da sito, da masu karɓar oda. Ta saya musu kwamfutoci, amma har yanzu lissafin ƙarshen wata sai ya cinye kwana uku, kuma ba ya rasa kuskure. Ta leƙa intanet ta ga kwasa-kwasai kala-kala: akwai na bidiyo da ake biyan rajistar shekara, akwai wanda malami ke koyarwa kai tsaye, akwai kuma mai tallar satifiket. Tana so ta san wanne za ta ɗauka.

Hajiya, kafin ki fitar da ko sisin kwabo, ki ware yini guda ki zauna a bayan kowane ma'aikaci ki ga yadda yake aiki. Kada ki tambaye shi ko ya iya Excel, wato manhajar lissafi, domin kowa zai ce ya iya. Ki sa ido kawai. Na taɓa zama a wani kamfanin sari ina kallon akawunsu: ya buɗe Excel, ya jera kuɗin ciniki layi-layi, sannan ya jawo kalkuleta daga aljihun tebur, ya tara da hannu, ya rubuta jimlar a ƙasa. Shekara biyu yana haka, mai gidan kuma yana ganin ai an koma kwamfuta. Wannan bawan Allah bai buƙaci kwas na awa arba'in ba. Abu uku ne suka tsaya masa: yadda ake tarawa da SUM, yadda ake tace bayanai, da yadda ake jawo farashin kaya daga wani shafi ba tare da an sake bugawa ba. Idan kika gama zagayen nan za ki fito da 'yar takarda mai ɗauke da wuraren da lokacinki da kuɗinki ke tsiyaya. Da wannan takardar za ki shiga kasuwar kwasa-kwasai, duk wanda bai taɓa abin da ke cikinta ba ki wuce shi, komai kyan tallarsa.

Za ki kuma lura cewa mutum taran nan ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Akawu da mai sito su ne masu buƙatar Excel sosai. Mai karɓar oda imel ne gabansa, da yadda zai ajiye fayil a inda abokin aikinsa zai same shi. Wanda ke rubuta wasiƙu da takardun farashi Word ya ishe shi. Masu sayar da kwas sun fi son ki yi wa kowa rajistar komai, saboda yawanci kan mutum ake lissafa kuɗin. Ke kuwa ba ki da dalilin biya wa mai sito darasin PowerPoint.

Abu na gaba shi ne wanda na fi ganin ana tafka asara a kansa: a sayi kwas ɗin da bai dace da manhajar da ke cikin kwamfutar ofis ba. Ki sa a duba miki ainihin abin da kuke amfani da shi. Microsoft 365 ne, wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara, yake kuma sabunta kansa? Ko tsohon Office 2016 ko 2019 ne, waɗanda kamfanin Microsoft ya daina ba su gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025? Ko Google Workspace ne, wanda har zuwa 2020 ake kira G Suite? Ko LibreOffice, wanda kyauta ne? Suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Misali, sababbin kwasa-kwasan Excel suna koyar da XLOOKUP wajen neman farashi ko sunan kaya, alhali wannan dabara babu ita a Excel 2016 da 2019, sai a na 2021 zuwa sama da kuma Microsoft 365. Akawunki zai kalli bidiyo ya gane sarai, ya zo ya gwada a kwamfutarsa ta ƙi, ya ɗauka shi ne bai fahimta ba, daga nan gwiwarsa ta yi sanyi. Idan tsohuwar manhaja ce a hannunku, ko dai ku sabunta kafin horon, ko ku nemi kwas mai koyar da VLOOKUP, tsohuwar dabarar da ke yin irin wannan aikin.

Yanzu ga zaɓin da kika lissafo. Kwas na bidiyo irin na Udemy, Coursera ko LinkedIn Learning yana da sauƙin kuɗi, mutum kuma yana iya maimaita darasi sau goma ba wanda zai harare shi. Matsalarsa ita ce ba mai tsare ɗalibi. Ana farawa da zumuɗi, mako na uku sai a yi shiru. Ki kuma sani cewa a Udemy kusan kowa na iya ɗora kwas ɗinsa, saboda haka akwai gwanaye akwai 'yan dagaji. Ki duba yaushe aka yi wa kwas ɗin gyara na ƙarshe, ki kalli darussan gwaji da ake sakewa kyauta, ki tabbata akwai fayilolin da ɗalibi zai sauke ya yi aiki da hannunsa. Wanda ya kalli bidiyon Excel a waya yana kishingiɗe bai koyi Excel ba. Sai ya zauna gaban kwamfuta ya ɓata lissafi ya gyara.

Malami kai tsaye ya fi tsada, amma ga ƙaramin ofis irin naki ni shi na fi karkata gare shi wajen mutum biyu ko ukun da lissafi ke hannunsu, da sharaɗi guda: ya yarda ya koyar da su a kan fayilolinku na gaske. Ki ba shi kwafin shafin sito da na basussuka, bayan an goge sunayen kwastomomi da lambobin wayarsu. Idan ya ce shi sai dai a bi darussansa kamar yadda ya tsara, to ba naki ba ne. Ki tambaye shi mutum nawa ne a aji, ko za a naɗi darasin a ba ku, da kuma ko ana iya komawa gare shi da tambaya bayan an gama. Tambayoyin gaske ba sa zuwa ranar darasi, sai an koma bakin aiki.

Ga wata hanya ta gwada malami cikin minti biyu. Ki tambaye shi me ya sa idan aka buga lambar waya a Excel sifilin farko yake ɓacewa, kuma me ya sa lamba mai tsawon guda 16 take komawa da sifili a ƙarshe. Wanda ya san aikin zai ce miki Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 daidai, don haka irin waɗannan sai a shigar da su a matsayin rubutu. Ƙananan abubuwan nan su ne ke jawo babbar ɓarna. A 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa bayanan mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu da korona na 'yan kwanaki, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Idan hakan ta faru da hukuma mai ƙwararru, ki auna abin da zai iya samun shafin basussukanki.

Batun satifiket kuwa, kashi biyu ne. Akwai takardar da ake ba wa duk wanda ya kalli bidiyo har ƙarshe, wadda ba ta shaida komai sai cewa bidiyon ya ƙare. Akwai kuma wadda sai an zauna jarrabawa, kamar Microsoft Office Specialist da kamfanin Certiport ke gudanarwa, inda ake ba mutum aiki ya yi a cikin manhajar, ko ICDL, wata jarrabawar iya kwamfuta ta ƙasa da ƙasa. Ta biyun tana da daraja, amma ta fi amfanar ma'aikacin a kan ke. Idan akawunki ya nuna himma, ki biya masa a matsayin tukuici, zai ji daɗi. Na san tsoron da ke zuciyar masu kasuwa da yawa, wato a horar da yaro ya tafi wani wuri. Yana faruwa. Maganinsa shi ne kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya: duk wanda aka biya wa kwas ya koya wa na kusa da shi, ya kuma rubuta matakan aikin a takarda da za ta zauna a ofis.

Kada ki manta da na kyauta. Microsoft da Google duka suna da darussan koyon manhajojinsu a shafukansu ba tare da biyan komai ba, kuma ga masu karɓar oda wannan zai iya wadatarwa.

Lokacin karatun kuma daga cikin lokacin aiki za ki cire shi. Idan kika ce su yi a gida da dare, da datarsu, bayan sun wuni a tsaye, to kin zubar da kuɗinki. Awa biyu a mako, rana tsayayya, a lokacin da ciniki ya lafa, ta fi wuni guda cur da za a ɗura musu komai su manta. Duk abin da aka koya a makon nan a yi aiki da shi a makon nan.

Ga yadda zan yi da ni ce ke. Ba zan yi cinikin biri a sama da rajistar shekara ta mutum tara ba. Zan fara da akawu ɗaya da mai sito, wata guda, in karanta sharaɗin biya da kyau, musamman ko kuɗin yana sabunta kansa daga katin banki, da ko ana iya mayar da gurbin wanda ya bar aiki ga wani. Kafin su fara zan rubuta cewa lissafin ƙarshen wata kwana uku yake ci, in ƙirga kura-kuran da aka samu a na watan jiya. Idan wata ya zagayo sai in sake aunawa. Ya ragu, a shigar da akawu na biyu. Bai ragu ba, a canza malami kafin a ƙara wani kuɗin.