Kwanon Dubiya da Ciwon Fankiriyas

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce dangin maigidanki na Agege suna ta zuwa dubiya asibiti a Idi-Araba da farfesun kayan ciki da dambun nama, likita kuwa ya hana shi maiƙo saboda kumburin fankiriyas. Kina tambaya ko hana shi ci rashin kunya ne ga surukai.

Ba rashin kunya ba ne. Bahaushe ba ya zuwa dubiya hannu rabbana, kuma al'ada ce mai kyau, kada ki raina ta. Sai dai abin da muka gada shi ne a kai kwano, ba mu gaji tilasta wa majinyaci ya ci ba. Ki durƙusa ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki ba yaron da ya ɗauko tukuici, ke da sauran masu jinya ku ci.

Amma ki san ciwon, don ki iya yi musu bayani. Fankiriyas yana bayan tumbi, shi ke fitar da ruwan narkar da abinci, musamman maiƙo, shi ne kuma ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. In ya kumbura, ruwan nan sai ya juya yana cin namansa. Yawanci tsakuwar madaciya ke jawo shi, ko giya, ko yawan kitse a jini. Ciwon kan tokare saman ciki ya soki baya, ga amai.

Kusan mutum 8 cikin 10 nasu mai sauƙi ne, cikin mako guda sun warware. Makon farko likitoci ƙoda da huhu suke sa wa ido, domin in ɗaya ta gaza aiki fiye da awa 48, ciwon ya zama mai tsanani. Abin da ya fi damuna shi ne bayan nan, lokacin da kowa ya saki jiki. Wani sashe na fankiriyas na iya mutuwa, ƙwayoyin cuta su shige shi, ko ruwa ya taru ya yi jaka bayan kamar mako 4. Saboda haka ko an sallame ku, in zazzaɓi ko amai ya dawo, ku koma asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

In kumburin ya yi ta maimaituwa, tabo yake bari, tabon kuwa ba ya gogewa. Daga nan sai rama, da bayan gida mai maiƙo, wani har ciwon suga. Taba sigari tana gaggauta wannan. In tsakuwa ce sanadi aka ce za a cire madaciya, kada ku ja lokaci.

Ba yunwa za a bar shi da ita ba. Da amai ya lafa za a soma ba shi abu marar nauyi, sai ki tambayi likita ko kamu ya halatta, ki roƙi surukarki ita ta dama masa. Gobe in sha Allah zan kira ta da kaina, tunda maganar ta fi sauƙi a bakina. Ki gaishe shi, Allah ya ba shi lafiya.

Gwaggonki